Ramin da Na Haƙa da Bakina

Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya tana makaranta a Malumfashi, ba na so a riƙa nuna ta da baki. Ni manomi ne ɗan manomi, daga wani ƙauye da ke kan hanyar Gozaki. Kafin abin da zan ba ku labari ya faru, ba wanda ya san ni da sata ko faɗa. Abin da aka san ni da shi surutu ne. In na zauna a teburin mai shayi bayan la'asar, samari sukan matso su ce in ba su labarin mutanen da. Ban karanta tarihi ba, firamare ma ban gama ba. Haɗawa kawai nake yi: mahara a kan dawakai, garuruwan da aka ƙone, mutanen da suka ɓuya cikin duwatsu. Ina so in ga mutum ya ajiye kofinsa ya saki baki yana kallona. Mai shayi yakan ƙara mini madara kyauta saboda ina tara masa jama'a. A lokacin ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba, hira nake ce masa.

Wata damina ina huɗa, garma ta tono wani tsinin mashi da tsatsa ta cinye. Na jefa shi aljihu. Ranar da na kai masara Funtua, na fito da shi ina nuna wa 'yan dako, sai wani dillalin auduga, Alhaji Mudi, ya kira ni rumfarsa. Ashe ban da auduga yana sayen tsofaffin kaya yana aika wa wasu mutane a nesa. Ya juya ƙarfen ya ce, "Na wane ne wannan?"

Gaskiyar ita ce ban sani ba. Amma bakina ya riga ni. Na ce na wani barde ne da ya tsare ƙofar garinsu shi kaɗai har aka kashe shi. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ba ni abin da ya fi ƙarfin guntun ƙarfe nesa ba kusa ba. A mota ina dawowa na gane cewa labarin ya saya.

Bayan haka ya nuna mini hoto a wayarsa: kan mutum na yumɓu, mai lumsassun idanu. Ya ce irinsu ake tonowa a kufai, wato inda gari ya taɓa zama aka tashi aka bar shi, kuma masu so suna nema ruwa a jallo. Ni kuwa tun ina yaro na iya gina shanun laka. Na samo yumɓu a bakin rafi, na gina kai, na gasa shi da kara da kashin shanu, na ɓantare masa kunne, na binne shi a ƙasa mai danshi har ya yi kamar ya shekara ɗari. Alhaji ya karɓa bai yi musu ba. Na ƙara yin wani, shi ma ya karɓa. Matata Binta ta tambaye ni inda nake samun abin cefane alhali ba a yi girbi ba. Na ce dillanci nake taya wani Alhaji.

Da na kai na uku, Alhaji ya ce, "Mutanena sun ce sai na ga wurin da idona. Ka kai ni inda kake tonowa."

Nan ya kamata in tsaya. Sai na tuna da wani fili mai manyan kukoki a bayan gonar Baba Nomau, wani tsohon Bamaguje da ke zaune da 'ya'yansa a gefen ƙauyenmu, suna bin addinin kakanninsu. Ba mai noma filin, ba mai kiwo a ciki. Don haka na zaɓe shi, ba don na san wani abu a kansa ba. Na ce wa Alhaji gari ne a da. Na ce mahara sun faɗa masa zamanin da ake kama mutane ana sayarwa, suka sa wa kamammu mari a ƙafa, waɗanda suka kasa tafiya aka tura su rami ɗaya tare da gumakansu aka rufe. Don labarin ya ƙara daɗi na ce, "Har da wata mace mai munduwar jan ƙarfe a hannun hagu, matar sarkin garin."

Wallahi a rumfar nan na ƙirƙiro matar. Ina kallon agogon hannun Alhaji ne tunanin munduwa ya zo mini.

Dabarata mai sauƙi ce. Zan gina wani kai in binne shi a gindin kuka, washegari a tono shi a gaban Alhaji, ya gamsu, shi ke nan. Amma ina bukatar mai haƙa, kuma wanda na sani shi ne Yaya Sale, wan matata, mai haƙa rijiya. Mutum ne mai shiru-shiru, shi ya riƙe Binta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta. Na ce masa wani Alhaji ne ke neman duwatsu masu daraja.

Ya ce, "Da damina? Ƙasa ta sha ruwa, ba a haƙa yanzu."

Na ce, "Yaya Sale, ba zurfi za a yi ba, iyakarsa ƙugu."

Ya ce, "To, don kai ne."

Na je da yamma na binne kan da na gina a gindin kukar da ta fi girma. Da hantsi muka shiga mu uku ta cikin dawa. Ta yi tsawo ta wuce kan mutum, ba mai hango mu daga hanya. Na nuna wurin, Yaya Sale ya kama haƙa da dagi. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, babu komai. Kuma ƙasar a daskare take, ba ta yi kama da wadda na tona jiya ba. Na duba kukar, na duba sauran, duk suka koma mini iri ɗaya. Alhaji ya fara ɓata rai. Na ce a ci gaba, domin ban san abin da zan ce ba.

Da ramin ya kai masa ƙirji, dagi ya bugi wani abu. Yaya Sale ya sa hannu ya share, ya miƙo mini kan yumɓu. Ba nawa ba ne. Ya fi nawa girma da nauyi, da zane a kumatu, an huda masa idanu. Alhaji ya karɓe shi daga hannuna. Yaya Sale ya sake sharewa, sai ya tsaya cak. Ƙasusuwa ne. Ƙafafuwa biyu a haɗe da wani baƙin ƙarfe. A gefensu ƙashin hannu, da munduwa da ta yi kore don daɗewa. Alhaji ya kankare ta da farce, ja ya bayyana.

An sha tambayata ko hannun hagu ne. Ban sani ba. Wani lokaci ina ganinsa a hagu, wani lokaci a dama.

Yaya Sale ya fito yana salati. Ya ce, "Waɗannan mutane ne. Ka ce mini duwatsu." Alhaji kuwa ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ce mini Malam, sunan da bai taɓa kirana da shi ba.

Muna tsaye sai kare ya ɓullo daga cikin dawa, Baba Nomau na biye da shi da lauje a kafaɗa. Ya leƙa ramin. Sannan ya ce, "Ku mayar da ƙasar."

Na ce, "Baba, su wane ne?"

Ya ce, "Ban sani ba. Ubana bai noma nan ba, ubansa ma haka. In an yi girbi mukan zuba musu giya a gindin itacen. Ba mu tambaya."

Na ce, "Ba mahara ne suka rufe su ba?"

Ya dube ni ya ce, "Wa ya faɗa maka?"

Na ce ji na yi. Ya ce su dai ba su ji ba. Wata tsohuwarsu takan ce cutar agana ce ta tashi garin, wani kuma yakan ce yunwa. Ya sake cewa mu mayar da ƙasar, ya juya ya tafi.

Na koma gida na kasa cin abinci. Na yi ta bin kaina da tambaya: wani ya taɓa ba ni labarin nan ina yaro na manta? Na je wurin mahaifiyata na ce, "Inna, kin taɓa jin labarin matar sarki mai munduwa a filin kukoki?" Ta ce ba ta taɓa ji ba, kuma me ya kai ni filin Maguzawa. Daga tsoro sai wani abu ya fara shiga raina. Na ce ko dai ba ƙarya nake yi ba duk shekarun nan? Ko baiwa ce Allah ya yi mini, ina faɗin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ban sani ba? Wannan tunanin ya yi mini daɗi ƙwarai, domin ya wanke ni daga zama maƙaryaci. Alhaji kuma yana ta kira a waya, yana cewa inda aka sami ɗaya akwai goma.

Yaya Sale ya rantse ba zai koma ba, ramin ma bai yarda ya tsaya mayar da shi ba don firgita. Na san hanyar da zan bi da shi, kuma ita ce ƙaryar da ta fi kowace muni a rayuwata. Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran igiya, na ce, "Yaya Sale, Alhaji ya yi nadama. Ya ce bai dace a bar bayin Allah a ɗaure cikin rami ba. So yake a kwashe su, a cire musu mari, a suturta su kamar mutane."

Ya ajiye igiyar ya ce, "Tun ranar nan ba na barci saboda ƙafafuwan nan. In don a suturta su ne, zan shiga."

An yi ruwa mai yawa kafin ranar da muka koma. Da safe muka tarar da ramin ya jiƙe, gefensa yana zubowa kaɗan-kaɗan. Yaya Sale ya taɓa bangon ya girgiza kai, amma ya shiga. Ya zo da farin yadi daga gidansa. Kowane ƙashi ya ɗauka sai ya yi bismilla, ya goge shi, ya sa a guga in jawo. Ramin ya yi zurfi har ya shanye shi. Alhaji yana gefe da buhu, ba ƙasusuwa yake jira ba. Ya matso ya raɗa mini, "Malam, ina sauran suke?"

Na leƙa na ce, "Yaya Sale, ka tona ta gabas. Akwai wani a nan."

Ban san dalilin da ya sa na ce gabas ba. Ban ga komai ba. Na dai ji kalmar ta fito.

Ya ce, "Nan ƙasar ba ta da ƙarfi."

Na ce, "Mutum ne a wurin, kada mu bar shi shi kaɗai."

Ya durƙusa ya fara rarake gefen. Ban ji wata ƙara mai yawa ba. Bangon ne kawai ya zauna, kamar an sauke buhu daga kan jaki. Inda Yaya Sale yake ya zama jar ƙasa, igiyar guga ta nutse a ciki.

Na dira na kama tono da hannu ina kiran sunansa. Alhaji ya ce zai je ya kira mutane, ya ɗauki buhunsa ya shige dawa. Can na ji tashin motarsa. Na ci gaba da tono, ƙasa na sake zubowa, farcena ya fashe. A nan ne nake jin kamar na ji murya daga ƙasa tana kiran sunan Binta. Wani lokaci kuma ina cewa numfashina ne nake ji. Sai karen Baba Nomau ya yi haushi kusa. Na tuna da ƙasusuwan da ke shimfiɗe a kan farin yadi, na tuna da 'yan sanda, na tuna da abin da za a ce a teburin mai shayi. Na kama saiwar kuka na fito, na gudu.

Gidan Baba Nomau yana kusa. 'Ya'yansa ƙarti ne masu fartanya da shebur. Ban yi ihu ba.

Na wanke jikina a rafi na shiga gida. Binta ta ce, "Ina Yaya? Na ce ya biyo ya ci ɗanwake." Na ce an kira shi aiki Dandume. Ta rufe nasa a kwano ta ajiye a inuwa, ta ce wataƙila ya dawo da wuri. Na zauna ina kallon kwanon nan har azahar ta wuce. Sai muka ji hayaniya a ƙofar mai unguwa. 'Ya'yan Baba Nomau ne suka turo amalanke. Karen ne ya kai su ramin. Sun rufe Yaya Sale da farin yadin da ya zo da shi.

Ban gudu ba da aka zo kama ni. Alhaji Mudi ya ce bai san ni ba sai a matsayin mai kawo masara. Daga baya na ji ya bar Funtua, ban san ƙarshensa ba. A kotu na faɗa wa alƙali gaskiya, karo na farko bayan dogon lokaci. Na ce ni na ƙirƙiri garin, da maharan, da matar. Ba wanda ya yarda. Mai gabatar da ƙara ya ce ta yaya mutum zai ƙirƙiri kabari ya kuma nuna shi da yatsa? Suka ce na daɗe ina tonon kaburbura. Wani ma'aikacin kula da kayan tarihi ya ba da shaida. Ya ce sun sami wani sabon kai na jabu a gindin wata kuka dabam, can gefe. Na ji sanyi a raina, na ce ashe kuskuren itace kawai na yi. Sai ya ƙara da cewa a gabashin ramin, daidai inda ƙasa ta rufta, sun tono wani babban gunki da ƙasusuwan mutum guda a jikinsa.

An yanke mini hukunci, na yi shekaru a gidan yari. A can akwai wani dattijo da ke ja mana salla. Na ba shi labarin duka, na ce, "Malam, ka faɗa mini, na sani ne ko ban sani ba?" Ya ce kukoki da yawa a wuri ɗaya alamar tsohon gari ne, duk inda ka tona a kufai kana iya samun ƙashi, matan da kuma duk suna sa munduwa. Na ce to gabas fa? Ya ce Shaiɗan yakan taimaki maƙaryaci da gaskiya ɗaya don ya ƙarasa shi. Na ce to wanne ne a ciki, dace ko Shaiɗan? Ya ce, "Kai dai kana son a ce maka kai na musamman ne. Ko ka sani ko ba ka sani ba, wa ya ce wa surukinka ya shiga ramin?" Ban sake yi masa tambayar ba, amma ban daina yi wa kaina ba. 'Yan ɗakinmu sun ji cewa na iya labari, suka yi ta roƙona. Sau ɗaya na fara, na kai inda zan ce ga abin da ke bayan wani dutse, sai tsoro ya kama ni, na yi shiru.

Da aka sake ni na tarar Inna ta rasu, Baba Nomau ma ya mutu, an zagaye filin kukoki da waya. Binta ta daɗe da karɓar takardar sakinta ta hannun alƙali, tana zaune a Malumfashi da 'yarmu. Na fara zuwa gidan Baba Nomau. Babban ɗansa ya ba ni ruwa, ya ce, "Ranar nan muna noma a bayan dawar, har motar mun ji tashinta. Da muka kai ga fuskarsa jikinsa da ɗumi." Bai zage ni ba. Ya koma aikinsa.

Sannan na je wurin Binta. Ta bar ni a zaure, ta tsaya a bayan labule. Na roƙe ta gafara. Ta ce abu ɗaya take son sani.

"Da ƙasa ta rufe shi, ya yi magana?"

Ina iya cewa ya kira sunanta. Na san za ta riƙe wannan har ƙarshen ranta, kuma wataƙila ma gaskiya ne. Na ji labarin yana haɗuwa a bakina, da yadda zan fara, da inda za ta yi kuka. Na haɗiye shi na ce, "Ban sani ba, Binta."

Sannan ta ce, "Na bar ka da Allah. Kana iya zuwa ganin yarinya ranar Juma'a." Ta saki labulen.

Yanzu ina aikin lebura a gonakin mutane, ina neman gafarar Ubangiji, ina kai wa iyalin Yaya Sale abin da na samu ko da sun mayar mini. Har yau ban gane abin da ya faru a filin nan ba, kuma na daina sa ran zan gane. Su wane ne mutanen ramin, wa ya ɗaure su, ban sani ba.

Ku samari, musamman masu daɗin baki irina, ku ji tsoron ranar da za a fara biyanku saboda abin da kuka san ba haka yake ba. Ni da ƙarin madara a shayi na fara. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya faɗi haka. Kada ku taɓa makwancin mutanen da, ko na wane addini ne. Kada ku yi amfani da kirkin mutum ku ja shi inda ya ƙi zuwa. In kuwa har kun riga kun yi ɓarna, kuka ga ran wani yana hannunku, ku tsaya a wurin ku yi ihu da iyakar ƙarfinku, ko da waɗanda za su zo su ne za su ɗaure ku.